Hayaƙi a Bayan Filin Gwaji

Ƙarar wata fashewa ta girgiza tagoginmu, sannan hayaƙi ya turnuƙe bayan filin jirage na wajen Alƙahira. Mijina Midhat ne aka tsara zai gwada sabon jirgin a safiyar nan. Na zauna, na miƙe, na ɗauki carbi, na kasa ja.

Maƙwabciyata Insaf ta faɗo da gudu, hannunta duk ƙullun gurasa.

"Zauna, Ummu Tariƙ! Mijin nan naki mai taurin kai, ko Mala'ikan Mutuwa sai ya yi masa gardama. Mijina Ra'afat yau ba zai tashi ba, aikin ƙasa aka ba shi, yanzu zai aiko mana da labari."

A unguwar matuƙan gwaji ba a sanar da mutuwa ta waya. Abokin mamacin ne ke takowa da kansa, hula a hannu.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Insaf ta riƙe ni muka buɗe tare.

Midhat ne, ko ƙwarzane babu. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga hularsa a hannunsa. Ba ni yake kallo ba.

"Malama Insaf," ya ce, "na je gidanki ba kya nan. Likita ya hana ni tashi ɗazu, Ra'afat ne ya karɓe ni."