Wanda Ya Kumbura Iya Indo

Akwai wanda ya kumbura Iya Indo, kuma dukkanku kun san shi. Ba zan kama sunansa yanzu ba, don na san halinku: ina faɗa za ku fara cewa ai ba wanda ya gan shi a wurin.

Iya Indo tsohuwa ce mai shekara sittin da takwas, siririya kamar sillen kara. A Wudil take zaune, gidan babban ɗanta Ƙasimu mai sayar da taki. Bana Ƙasimu ya samar mata kujerar Makka. A gwajin lafiya na farko aka auna ta, kilo hamsin da ɗaya. Aka ɗinka mata kayan alhazai daidai jikinta. Ta je bitar alhazai ta farko, ta dawo ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Bayan kwana goma rigar ta ƙi shiga.

Ciki ya taso ya yi tauri kamar ganga. Damatsa suka cika. In za ta zauna sai ta dafa bango tana cije leɓe, in za ta ɗaura ɗankwali sai surukarta Murja ta kama mata. Aka kai ta kemis aka ɗora a sikeli: hamsin da huɗu. Tsohuwar da rabin malmala ke isarta, yanzu sai ta share kwanon wake ta ce a dafa mata ƙwai biyu. Gyatsa kuwa, in ta saki ɗaya har awaki sukan waigo.

A asibiti aka ɗebi jini, aka duba ƙoda, aka duba zuciya. Babu komai. To wannan "babu komai" ɗin shi ya tayar da hankalin gidan, don kowa ya san inda ciwon da likita ba ya gani yake fitowa. Murja ta zauna ta tuno duk matan da suka zauna kusa da Iya a wurin bita. Kafin la'asar an daina gaisawa da gida biyu. Aka kawo rubutu daga Indabo, aka kawo hayaƙi daga Darki. Iya ta sha, ta shaƙa, ta ce a ƙaro wake.

Ana cikin haka sai ga autanta Tasi'u tela ya shigo, shi ma ciki a gaba, yana tafiya a tale kamar wanda aka yi wa kaciya jiya. Murja ta ɗora hannu a ka. Abin ya fara bin dangi!

"Wane irin dangi?" in ji Tasi'u. "Ɗaga ƙarfe na fara wurin 'yan yashi a bakin kogi. Duk sabon shiga haka yake yi. Tsoka ce ke riƙe ruwa tana gyara kanta, ga wake da ƙwai suna cika ciki da iska. Sati huɗu ya sace."

"Kai naka ke nan, da ƙafarka ka je ka nemo," Ƙasimu ya ce. "Ita fa? Tsohuwar da sai an cika mata buta an kai mata?"

Iya tana gefe tana jan carbi. Ta ce, "Sati huɗu ka ce, auta?" Ba wanda ya bi ta kanta.

Ƙasimu mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce ranar Alhamis ne gwajin ƙarshe. In har kumburin bai sauka ba, ya fasa, a bai wa wani kujerar, don ba zai tura uwarsa ta faɗi a tsakiyar miliyoyin mutane ba. Iya ta ce ko a buhu za a ɗinke ta sai ta tafi.  Ƙasimu ya ɗauki fasfonta ya sa a aljihu.

Al'amarin ya ƙara lalacewa. Kullum da hantsi Iya takan rufe ɗaki ta ce walaha za ta yi, kada a dame ta. Murja ta kasa kunne, ta ji nishi, nishi, sannan wani abu ya daki ƙasa, dim! Ta kai wa mijinta rahoto cewa Iya ta fara faɗuwa tana ɓoyewa. Shaida kuwa ga ta nan, daɓen simintin ɗakin ya tsage wuri uku.

Laraba da hantsi Ƙasimu ya bar shago ya dawo gida don ya gaya mata an fasa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shirya kalmomin da ba za su sa ta tsine masa ba. Ya yi sallama sau uku. Babu amsa sai nishi, irin na wanda rai ya zo masa wuya. Ya ja da baya, ya kira sunan Allah, ya banke ƙofar da kafaɗa.

Iya Indo na tsaye a tsakiyar ɗaki, zani ɗaure tamau a ƙugu, uwar dutsen niƙan gidan tana sama da kanta. "Talatin da tara. Arba'in." Ta dire shi, dim. Ta share gumi ta dubi ɗanta. "Malamin bita ya ce tsakuwa bakwai-bakwai, 'yan ƙanana kamar gujiya, ba a yarda a ɗauki babba ba. To tunda ba za a ƙara wa dutsen girma ba, sai in ƙara wa hannun ƙarfi. Shekara sittin da takwas yana haɗa ni faɗa da mutane, ni kuma 'yan kwanaki kacal za a ba ni shi a Mina. Miƙo min fasfona." Ƙasimu ya miƙa, da hannu biyu.

To, duk wanda ya ce ba Shaiɗan ne ya kumbura Iya Indo ba, ya fito ya musa in gani.