Jan Gilashin Tagar Coci

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya tafi da ni cocin Katolika a Jega. Kafinta ne, an kira shi gyaran katakon wata tsohuwar taga. Ni kuwa ban taɓa shiga coci ba.

A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar a masallaci, ni ma na tuɓe. Fada, limamin wurin, ya yi murmushi. "Malam, mu da takalmi muke shiga."

"Wanga ɗakin ibada ne, Fada," in ji Baba. "Ƙafata ba ta saba ba."

Rufin ya yi can sama. Ranar la'asar ta ratso gilashin tagar, ja da kore, ta zubo a ƙasa. Ina takawa, sai ƙafafuna suka yi jawur.

"Baba! An sa mini lalle!"

Na dinga tsalle, muryata tana dawo mini daga rufi. Da na waiga in ga ko za a tsawatar mini, sai na ga Fada ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa.

Baba ya daɗe da rasuwa. Na sha ƙunshi tun daga nan, amma ban sake samun jan da ya kai wancan ba.