Wanda Ya San Hanyar Illela

Madugunmu ya yanke jiki ya faɗi a mararraba, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Mu arba'in ne, da jakai ɗari ɗauke da fatun kamfanin Turawa, salkunanmu kuwa tun jiya suka bushe. Hanya ɗaya tana kaiwa tafkin Kalmalo, ɗayar kuma hannun sojan Faransa masu ƙwace dabbobi.

Na durƙusa gabansa, ni da na shekara ashirin ina mataimakinsa. "Baba, wacce za mu bi? Ko da yatsa ne, nuna mini!"

Hawaye kawai suka zubo masa. Sau nawa na roƙe shi ya koya wa ko mutum uku cikinmu jan ayari? Kullum sai ya ce, "Gaggawar mi kake yi? Ku dai biyo ni." Wakilin kamfani ma cewa ya yi madugu ɗaya ya isa.

Jama'a suka zuba mini ido. Wani ya fara salati.

Na miƙe na kwance tsohon jakin madugu. Ya sunkuyar da kai ya kama hagu, muka bi shi. A shekara ashirin, shi kaɗai Baba ya taɓa bari ya shiga gaba.