Mahaifin Zakanya

"Ya ammu, kai ne mahaifin Zakanya?"

Samari huɗu ne suka sauko daga raksha mai ƙafa uku, ɗayansu ke kira na ammu, wato kawu. Na ce ban san ta ba, ni tsiren agashe nake gasawa. Tun da aka rushe rumfata a kasuwa na dawo ƙofar gida a unguwar Umbadda, rabin naman ke kwana.

"Kai ne," in ji dogon cikinsu. "Sunan 'yarka ke nan a wasan da muke bugawa ta waya. Kullum tana tallata mana agashenka, muna dariya. Sai ta kafa sharaɗi: duk wanda ta kayar, ya zo ya saya. Daga can unguwar Sahafa muke."

Na waiga. Yarinyar da nake yi wa faɗa kan waya tana leƙe ta bayan ƙyaure. Na sunkuya ina fifita garwashi, don a ce hayaƙi ne ya cika min ido. A raina na sa mata albarka.

"Gobe ka ƙaro nama, ya ammu," in ji dogon. "Mu tamanin ne, kuma har yau ba wanda ya taɓa kayar da ita."