Saura Tunkiya

Tun da aka kafa dokar tatsuniya, ba mai sa dabba a labari sai da izini. Inna Dije ta wuni a layi tana sauya ƙafa, jikoki na jira.

"Zaki nake so, ɗan nan," ta ce wa ma'aikacin.

"Zaki na Jagora ne, Inna."

"Kura fa?"

Ya rage murya. "Ministoci uku sun ce da su ake. Saboda ita aka tafi da Malam Ilu."

"To, me ya rage?"

Ya buga hatimi. "Tunkiya. Ba wanda ya taɓa cewa da shi ake."

Ta waiwaya. Layi har bakin titi, kowa kansa a sunkuye.