Tuƙar Goro a Tarago na Ƙarshe

Yau ma ga ta nan ƙarƙashin kujerar da ke jikin taga: tuƙar goro jajir, cakuɗe da kaki. Na durƙusa ina kankarewa. Share jiragen ƙasa a tashar St. George ne aikina, amma ƙazamin da ke tofar da ita ya kai ni bango.

Da na koma gida na kai kukana wurin maigidana, Baban Faruƙ. Ya zaro waya ya nuna min bidiyon jiragen lantarki na Japan.

"Dubi nan, Sherifa, fes-fes, ko tuwo kya ci a ƙasa. Mutanen garin nan kuwa ba su da tarbiyya. In kin kama shi, ki tsinka shi gaban jama'a."

Washegari na laɓe inda tarago na ƙarshe ke tsayawa, tsumma a hannuna. Jirgi ya iso. Ta taga na hango wani ya sunkuya, ya yi kaki, ya tofar, ya share baki da hannun riga.

Rigar da na wanke jiya ce.

Ƙofa na buɗewa na miƙa masa tsumman, na ɗaga murya:

"Baban Faruƙ, bismilla. A nuna mana irin ta Japan."