Tsohuwar da Ta Daina Kunyar Ɗan Farinta

Tun da ka ce kai dai ba ka fasa aike gida ba, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata tsohuwa mai saƙar faifai a wani ƙauye, 'ya'yanta huɗu. Uku sun yi nisa: babban yana fatauci a birni, mai bi masa direban babbar mota ne, ta ukun tana aure a wani gari. Autar ce kaɗai a gabanta. Da tsufa ya kama tsohuwar, ƙafa ce ta fara ƙi, daga baya tunani ma ya soma zamewa, har takan ɗora kaba a cinya ta rasa me ake yi da ita. Auta ce wanka, ita ce wanki, ita ce ɗauka da kwantarwa, har ta rame ta koma kamar ita ce marar lafiyar. Su kuwa manyan, a faɗi gaskiya, ba su yi rowa ba. Buhun shinkafa na zuwa, atamfa na zuwa, magani kwali-kwali. Sai dai ban taɓa jin buhun shinkafar da ya juya marar lafiya a kan gado ba. Kowannensu in ya ba da saƙo a tasha sai ya ji ya sauke nauyi, ya koma harkarsa.

Bayan shekara biyu babban ya samu ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ta, sai ga tsohuwa ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta yi masa fara'a, ta tambaye shi hanya, har ta tsokane shi a kan furfurar gemunsa. Daɗi ya kashe shi, domin shi ɗan fari ne, kuma ka san al'adar iyayenmu: tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, in za ta yi masa magana sai ta bi ta bakin wani. Ya fito tsakar gida yana washe baki, ya ce wa ƙanwarsa ai Inna ta samu sauƙi, yau har hira suka yi. Auta tana bakin murhu, ta share ido da gefen zane ta ce, "Yaya, ba ta gane ka ba ne. Haka take yi wa kowane baƙo."

Nan ya zauna a kan turmi. Ya ji tsoro, tsoron kada uwar da ta haife shi ta bar duniya tana ɗaukarsa mai wucewa. Ya kira sauran biyun ya ce su zo da ƙafarsu, kada kowa ya aiko komai. Suka zauna a zaure. Zaman bai yi daɗi da farko ba, don Auta ta amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa, kowa ya sunkuyar da kai. Daga ƙarshe suka raba kwanakin wata a tsakaninsu. Farken ya riƙa barin rumfarsa a hannun abokin ciniki, direban ya nemi a mayar da shi hanyar da ta bi ta kusa, mijin ta ukun ya ba ta izini. Auta ta samu barci, har ta fara zuwa bikin dangi. Babban nan da ake yi wa fadanci a kasuwa ya koyi yanke farce, ya koyi goya tsohuwa zuwa hantsi, ya dama kunu mai gudaji har ya gwanance. Wata da watanni tana ce masa "baƙon nan mai kirki", yana amsawa, abin yana cinsa a rai, bai kuwa fasa zuwa ba.

Wata safiya yana riƙe da ƙafarta yana shafa mata man kaɗanya, ta tsura masa ido ta daɗe. Can sai ta janye ƙafar, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Ta ce wa Auta a hankali, "Ke, ce wa wancan ya tashi ya karya, tun ɗazu yake zaune da yunwa." Dattijo da gemunsa ya fita zaure ya yi ta kuka, kukan farin ciki, don uwarsa ta ƙi kallonsa. Ban ce maka ta warke ba, washegari ma ta sake mantawa. Amma ranar ta san ɗanta, kuma da ta san shi yana nan kusa, hannunsa a jiƙe da mai.

Abin da Hausawa suke nufi ke nan da suka ce, zumunta a ƙafa take.